Ruwan Kifin Mai Agogo

Ana ƙoƙarin sa shi a mota a kai shi asibiti, shi kuwa Baba Mai Agogo ya riƙe hannun maƙwabciyarsa mai ɗinki, ya ƙi saki.

"'Yata, ga makulli. Hajiya da direbanta, amana. Abinci kaɗan da safe. In ruwa ya sauka, ki ƙara..."

Tari ya sarƙe shi, ɗansa ya rufe ƙofar mota.

Kifayen teku ne guda biyu, masu launin ruwan lemo da ratsin fari, a akwatin gilashi kusa da teburin gyaransa. Babbar ita ce Hajiya. Ƙaramin da ke bin ta zugui-zugui shi ne direba. Tun rasuwar matarsa da su yake hira.

Mai ɗinki ba ta wasa da amana. Ruwa ya sauka, ta ga buhun gishirinsu ƙarƙashin tebur, ta dama a bokiti ta zuba. Kifin teku ai sai ruwan gishiri, wannan ko ba a gaya mata ba ta sani. Kullum sai ta ƙara, har tana jin daɗin kanta.

Ran kwana goma sha biyar ta tarar da direba ya mutu, Hajiya kwance a ƙasa tana numfashi sama-sama. Ta nufi asibiti. Tsohon ya rame, sai idanu.

"Kina ƙara musu ruwan?"

"Har da gishiri, Baba. Ban taɓa fashi ba."

Ya juyo ya dube ta.

"Ruwa ne ke tashi, 'yata. Gishiri ba ya zuwa ko'ina. Zalla ake ƙarawa."

Sannan ya tambaye ta.

"Suna nan dai?"

"Suna nan, Baba."

"To, madalla," ya ce, ya juya fuska bango. Ta san bai yarda ba, kuma wannan ya fi komai ci mata rai.

Ta koma gida da gudu, ta tuttula ruwa zalla, amma Hajiya ta riga ta juya ciki sama. Kafin yamma ɗansa ya kira: Baba ya cika.

Bayan sati ɗan nasa ya zo kwashe kaya, ya same ta tsaye gaban akwatin da ba kowa a ciki.

"Yaya, me za a yi da wannan?"

Ta miƙa masa makullin. Ya sunkuya ya zare wayar injin da ke hura iska cikin ruwan daga bango. Kumfa biyu-uku suka taso a hankali, ruwan ya tsaya cik.