Jakar Goyo da Gero Tiya Huɗu

Najaha, mai allurar rigakafi, ta iso rumfar Alhaji Cha'ibu a kasuwar Matameye tana huci. Ta jefa masa jakar goyon da ya sayar mata makon jiya. Igiyarta ta tsinke tun kafin ta kai ƙauyen Dawce, katunan yara suka watse cikin rairayi, ga ƙauyuka huɗu a gabanta, duk a ƙasa za ta je su.

"Kin cika mata kaya ne, Malama," in ji Alhaji.

"To me zan zuba mata, iska?"

Ba ta jira amsa ba. Ta fizgo sabuwa daga rataye, ta zazzage takardun da yake cusa wa jakunkunan don su cika ido, ta juye mata gero tiya huɗu da ta zo da shi. Ta goya, ta yi tsalle sau biyu. Ɗinkin ya ɓarke, gero ya zube. Ta tsaya a kan Alhaji har ya kwashe shi tas.

Can ƙasan tari ta zaƙulo wata ta gwanjo, koɗaɗɗiya, mai faffaɗar igiya da ɗamarar ƙugu. Ta loda mata geron, ta je tasha ta dawo, ko zare bai motsa ba.

"Wannan ai ba ta da kyau, Malama," in ji shi.

"Mai kyan na ɗauka wancan makon, Alhaji. A ka na kawo ta gida."