Goron Albishir

"Umma, a Madina Sidi ya rasu, ko a cikin mota?"

Ina wanke kofunan shayin masu ta'aziyya Zinariya ta jefo min wannan tambaya, da Larabci kamar yadda ta saba. Shekararta shida. Sidi shi ne kakanta, mahaifina, Malam Usmanu mai tsire, haka yaran Madina suke kiran kaka. Na ci gaba da cuɗa kofin da ya riga ya fita.

Sai ka san Baba kafin ka gane nauyin tambayar. Yana saurayi ya baro ƙauyensu a ƙasar Katsina da ƙafa, ya ratsa Sudan yana aikin gonar auduga, ya tsallako teku cikin jirgin katako. Da ya sauke farali bai koma ba. Ya zauna a unguwar Ƙuba a nan Madina, ya yi aure, ya haife ni, ya binne mahaifiyata a maƙabartar Baƙi'a. Burinsa ɗaya ne a duniya, kuma ba ya ɓoye shi: ajali ya same shi a cikin Madina. Tun da ƙirjinsa ya fara ciwo ya daina wuce Bi'ir Ali da ke bakin gari. Ko Umara aka ce ya zo a tafi, sai ya ce, "Na yi tawa. In Mala'ika ya zo bai same ni a gida ba, wa zai ba shi haƙuri?"

Maigidana Sabiru direba ne, yana kai kaya Yambu, garin bakin teku, inda ake ta gina sababbin masana'antu. Shi ya zo da labarin wani ɗan lungu a bakin teku, kusa da inda masunta suke ɗaure kwale-kwalensu. Ya ce ruwan ba zurfi, iyalai suna zuwa ranar Juma'a da tabarmi da tukwane. Zinariya ta hana mu sakat. Da aka sa rana, sai ta koma kan kakanta.

Sunan mahaifiyata aka sa mata, Ƙaltume, shi ya sa muke ce mata Zinariya, shi kuwa Baba uwargida yake kiranta. Yana yi mata Hausa tana mayar masa da Larabci, suna faɗa kullum. Hausa ɗaya tak ya iya dasa mata a baki. Duk sanda muka fita gonakin dabino muka juyo, wanda ya fara hango koriyar ƙubbar Masallacin Annabi zai ce, "Albishirinka!" Ɗayan ya ce, "Goro." In ita ta riga, alewa ce goronta.

"Sidi matsoraci ne," ta ce masa ranar. "Tsoron ruwa yake ji."

"Ni? Ke uwargida, ruwan nan da kike rawar kai a kansa, a kansa na kwana ina amai tun ba a haifi ubanki ba."

"To zo ka nuna min."

"Ba inda za ni."

"Shi ke nan, na sake ka. Zan samo wani Sidin a Yambu."

Ya yi dariya har da tari. Washegari da asuba sai ga shi a bakin mota da sandarsa da ƙullin yajinsa. Na ce, "Baba, ka tabbata?" Ya ce, "Wuni ɗaya ne, Murja. Matata za ta gudu."

Ni duk tunanina a kan yarinyar yake. Na ɗauki igiyar shanya, da tsohon tub ɗin taya da Sabiru ya hura, da man shafawa saboda rana, da ruwan sha jarka biyu. Maganin Baba ma na sa shi a jaka, na kuma duba sau biyu.

Wurin ƙarami ne, kamar yadda aka faɗa. Ta hagu kwale-kwale ne masu shuɗin fenti suna ta gugar juna, wani tsoho yana ɗinkin raga, ƙarnin kifi ya cika iska. Ta dama yashi ne fari, motoci sun jeru, kowane gida sun ɗaura zanin gado tsakanin mota da mota don inuwa da sutura. Muka yi namu. Na ɗaura wa Zinariya igiya a ƙugu, na naɗe ɗaya bakin a hannuna, na zauna a inda ruwa yake taɓa ƙafata.

"Umma, ni ba akuya ba ce!"

"Akuya tana jin magana. Kar ki wuce gwiwa."

Baba ya hura gawayi ya gasa mana tsire, har maƙwabtan inuwarmu, wasu mutanen Yambu, suka aiko yaro da faranti suna tambaya ko na sayarwa ne. Ya cika musu kyauta, suka maido farantin da shinkafa da kifi. Bayan azahar ya naɗe wandonsa ya shiga ruwan zuwa idon sawu. Zinariya ta watsa masa, ya rama da sandarsa. Ya nuna mata can inda ruwa ya haɗe da sama, ya ce, "Ta can na fito." Ta ce, "Ƙarya ne, can ba ƙasa." Rabon da in ga haƙoransa a waje haka tun mahaifiyata tana da rai.

Idona yana kan igiya lokacin da abin ya faru. Sabiru ne ya ƙwala min kira. Na waiga na ga Baba a zaune a kan yashi, hannunsa dafe da ƙirji, leɓensa ya yi fari. Na sa masa maganin a ƙarƙashin harshe. Na ce wa Sabiru asibitin Yambu, yanzu. Baba ya kama wuyan hannuna, inda igiyar ta yi min shaida, da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Madina."

"Baba, asibiti yana nan kusa. Su duba ka, sannan mu tafi."

"In suka kwantar da ni, a nan zan tashi. Murja, don Allah. Sabiru, ɗana, don Allah."

Sabiru ya dube ni, na dube shi. Muka bar tabarma da tukunya a wurin.

Na zauna a baya, kan Baba a cinyata. Zinariya tana gaba da jiƙaƙƙiyar rigarta. Hanyar doguwa ce, duwatsu da rana kawai. Sabiru yana gudu yana salati. Baba ba ya magana, sai dai lokaci zuwa lokaci ya buɗe ido ya ce, "Mun shiga?" In ce, "Saura kaɗan." Muka wuce Badar. Ina jin yadda yake jan kowane numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, ya ƙi saki. Wallahi riƙe ransa yake yi da hannu biyu. Na fara sa rai za mu kai.

Rana ta yi sanyi, muna tsakanin duwatsu, ko Bi'ir Ali ba mu hango ba, sai muka zo wani ɗan ƙauye a gefen hanya. Akwai gidan mai, da shagon shayi, da ƙaramin masallaci. An yi wa ƙubbarsa koren fenti.

Zinariya ta miƙe tsaye a kan kujera. Duk tafiyar nan ashe abin da take nema ke nan, abin da za ta ba kakanta ya ji daɗi.

"Sidi! Sidi, albishirinka!"

Na buɗe baki, amma Baba ya riga ni. Can ƙasa-ƙasa ya ce, "Goro."

"Ƙubba! Ga koriyar ƙubba, ni na fara gani!"

Na ga idon Sabiru a madubi. Kalma ɗaya ce, in ce ba ita ba ce. Sai na dubi fuskar Baba. Duk wahalar da ke kanta ta sauka, goshinsa ya saki, ya yi murmushi irin na wanda ya ajiye kaya a ƙofar gida. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya yi wa Annabi sallama kamar yana tsaye a gabansa. Ya yi kalmar shahada. Hannun da ya riƙe ni da shi tun daga bakin teku ya sake.

Ban yi kuka da sauti ba, saboda yarinyar. Na rufe masa ido, na ja mayafina na lulluɓe shi, na ce mata Sidi ya yi barci. Muka yi sauran tafiyar a haka. Da ainihin ƙubbar ta bayyana daga nesa, fitilu sun fara kamawa, Zinariya ta riga ta yi barci, ba wanda ya ce wa kowa albishir.

An binne shi a Baƙi'a, wannan kam Allah ya nufa. Amma tsofaffin unguwarmu sun san burinsa, kowa ya zo gaisuwa sai ya tambaya, "A ina ya cika?" Sabiru yakan ce, "Muna shigowa." A nan Zinariya ta tsinci maganar.

Na ajiye kofin, na tsuguna daidai tsayinta. Na ce, "Ya ji albishir ɗinki, ya yi murna, sannan ya tafi."

"To ai mun iso ke nan."

Na gyara mata ɗankwali.

Sai ta ce, "Bai ba ni gorona ba."

Na shiga ɗakinsa. A aljihun rigar da ya sa ranar akwai alewa guda biyu, ruwan teku ya jiƙa takardarsu ta manne. Tun daga gida ya tanade su saboda dawowa. Na ba ta ɗaya. Ɗayar tana cikin akwatina.

Na hana Sabiru ya sake bin hanyar Yambu da ita. Na san wata rana za ta girma, ta wuce ƙauyen nan, ta ga masallacin da idonta, ta yi lissafi. In ranar ta zo, ni zan zaunar da ita, ni uwarta, in faɗa mata yadda fuskarsa ta yi.

Kai kuma da ka karanta wannan, wataƙila ka san mu, Ƙuba ba ta da girma. In ka ga yarinyata tana wasa a ƙofar gida, ka gaishe ta ka wuce. Kada ka kuskura ka gaya mata wace ƙubba ta gani.