Hannun Otacílio

Tun da jini ya toshe a ƙwaƙwalwar tsoho Otacílio bakinsa ya mutu, amma 'yarsa Jandira ba ta fasa abin da ta tashi da shi ba. Kullum sai ta sumbaci bayan hannunsa ta ce, "Baba, a sa mini albarka." Shiru ne amsarta.

A cikin shirun nan ta sa ranar aurenta da Dirceu, ɗan acaɓan da Baba ya taɓa kora da bokitin ruwa. Abin yana cin ranta. Aure ba albarkar uba? Ita ba za ta iya shiga coci haka ba, kuma Asabar ɗin bikin ta matso.

Dirceu ne ke cicciɓar tsohon zuwa asibitin gashin ƙashi, inda Neusa ma'aikaciya ke kifa masa wata hula mai fitar da jan haske.

"Tsohonmu ya zama gasasshen kaza," in ji Dirceu.

"Rufe mana baki, sarkin surutu," Neusa ta ce. "Cikin kowace ƙwayar halitta akwai 'yan murhu da ke haɗa mata ƙarfi. Ana sa ran hasken ya ɗan hura su. Ban yi muku alkawarin komai ba fa."

Da aka cire hular, Jandira ta durƙusa kamar kullum, ta kai baki ga hannun. Sai hannun ya janye.

Hannun da ya yi watanni kwance kamar tsumma. Jandira ta ɗago, ta tarar idanun babanta sun wuce ta, sun kafe a kan Dirceu. Ashe yana ji. Duk zancen riga da na biki da suka yi ta yi a kansa, yana ji.

Leɓen tsohon ya yi ta kokawa kafin maganar ta fito, a karkace.

"Kai... ba ka roƙa ba."

Dirceu, mai bakin da ba ya gajiya, ya zube a gaban tsohon. Gwiwoyinsa suka bugi siminti. Ya kama hannun da hannu biyu.

"A sa mini albarka, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, Jandira kuwa ta toshe baki da tafi.

"Allah... ya yi maka." Ya huta, ya haɗiyi yawu. "Ka iya ɗaukar mutum."

Sannan ya juya hannun a hankali, ya miƙa wa 'yarsa.