Agogon da Ke Jiran Kawu

Jiya da dare na yi wani mafarki, wai aikina ne ya biyo ni. Ni ce mai tantancewa a shafin intanet na ƙungiyar unguwarmu. Duk wanda ya ƙera ɗan akwatinsa, na hasashen yanayi ko na sanarwa, sai na gwada shi kafin ya hau shafi. Shekara shida ban taɓa sakin gurɓatacce ba, kuma ina alfahari da haka, ba na ɓoyewa.

A mafarkin, shafin ya zama doguwar katanga a tsakiyar gari. Mutane sun yi layi, kowa da akwatinsa a ka. Sakatarena zabo ne mai tabarau, da baki yake buga hatimi. Na buɗe akwatin yanayi, ruwa ya kece ya nufi sama.

"Daidai ne," in ji zabo, "yau Talata."

Na amince, aka rataye.

Sai ga Kawu Barau, ƙanin mahaifiyata wanda ya rene ni, da akwatin agogo a faranti.

"Uwani, ɗora min wannan can sama."

"Kawu, sai na gwada."

Ashe agogon ba ya motsi sai Kawu ya isa inda ake jiransa. Kawu kuwa ko sunan 'ya'yansa bai taɓa zuwa kan lokaci ba. Ina jingina shi da katanga gari ya tsaya cak. Tuwo ya ƙi dahuwa, ladan ya daskare da hannu a kunne, wata mai naƙuda ta zauna jiran ƙarfe huɗu.

"Ai haka ya fi," in ji Kawu. "Ba wanda zai sake makara."

Sai ga mu cikin kwalekwale a tsakar gidansa, dangi na leƙe ta tagogi.

"Wa ya kai ki makarantar da kika koyo wannan aiki?"

"Kai ne, Kawu."

Ga shi ina ƙaunar mutumin nan. Na durƙusa har ƙasa, kwalekwalen ma ya durƙusa.

"Kawu, ka yi haƙuri, ba zai hau ba. A gyara a dawo."

Ya karɓi agogonsa ya jefa aljihu, nan take na jiyo kukan jariri. Ya juya ga dangi, ya gyara zaman hula.

"Kun gani? Ni ma ta hana ni. Renona ce."

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni, ina ta murmushi. Na duba waya, tara saura kwata, na makara ofis.