An Gyara Masa Jitar

Kafin yaƙi, ba a bikin kirki a unguwarsu ta Omdurman sai an nemo Hamad da ud ɗinsa, molon nan na Larabawa. Bam ɗaya da ya faɗo kasuwa ya raba shi da yatsu uku na hannun hagu, ya kuma farfasa masa idon sawun hagu. Likitoci sun haɗa ƙafar da ƙarfe, amma ta sandare: tana karkata ciki, ba ta karkata waje ko kaɗan. Makaɗin ud babu yatsun danna tsirkiya kuwa ya gama yawo. Haka ya iso Alƙahira da matarsa Tagwa da 'yarsu Sulafa, suka kama ɗaki a unguwar Faisal, shi kuma ya samu aikin shara da dafa shayi a wani ɗakin ɗaukar waƙa a unguwar Mohandessin.

A can ya ga abin, an jefa masa tsumma a lungu. Wata irin jita ce a kwance bisa ƙafafu huɗu kamar teburin keken ɗinki. Mai wurin, Ustaz Husam, ya saye ta don burga a hannun wani baƙo, aka rasa mai kaɗa ta. Ba a danna tsirkiyoyinta da yatsu. Guntun ƙarfe mai santsi ake zamewa a kansu, hannun dama yana tsinka, a ƙasa kuma ga feda uku da ƙafar hagu ke takawa don murya ta hau. Hamad ya ɗauki guntun ƙarfen da yatsu biyun da suka rage masa, ya ji ya zauna daram.

Ustaz Husam ya ce ya taɓa idan ya gama shara, ba komai. Hamad ya shiga koyo daga bidiyon masu koyarwa a waya, nan ya gane jerin fedar iri biyu ne a duniya. Yawanci fedar farko tana hagu, ka danne ta tsakiya ka karkata idon sawu waje ka kamo ta. Tasa kuwa irin ɗayan jerin ce, ta farkon tana dama. Wato ƙafar da ba ta iya komai sai karkata ciki ta dace da abinta. Kafin shekara ta zagayo yana fitar da waƙoƙin garinsu, har masu zuwa aiki kan tsaya da kofin shayi a hannu.

Da Ustaz Husam ya ce masa shi zai kaɗa jitar a kiɗan wani wasan talabijin na azumi, Hamad ya sauka daga mikrobas, ƙaramar motar haya, yana ɗingishin sauri zuwa gida.

"Abu Sulafa, kada ka saki jiki," in ji Tagwa. "Jitar ba taka ba ce."

Ya ji haushinta ƙwarai, don ya san gaskiya ta faɗa.

Ranar ɗaukar kiɗan ya zo da farar jallabiya. Ustaz Husam ya tare shi a ƙofa, baki har kunne.

"Ya Hamad, na yi maka gata! Wani Bature masanin abin ya biyo jiya, ya ce fedarka a juye take, ba haka masu koyo ke farawa ba. Ya kwance ƙarafan ƙasan duka ya mayar da su daidai. Har ya ce ya tausaya wa mai fama da ita."

Akwai alherin da gara a zage ka da a yi maka shi. Babu wanda ya tambaye shi, don wa ke shawara da mai shara?

"Ustaz, yana ina yanzu?"

"Jirginsa ya tashi da safe. Yalla, zauna, mutane na jira."

Ya zauna. Ya danne ta tsakiya, ƙafar ta karkata ciki yadda ta saba, sai wata muguwar murya ta fito, mai ganga ya kawar da kai. Ya gwada karkata waje. Zafi ya harba masa har ƙugu, ƙafar ko gezau. Ya ɗaga ta gaba ɗaya ya taka, muryar ta zo a makare, a guntule. Ya leƙa ƙarƙashin jitar, ya ga sanduna da ƙugiyoyi birjik, bai san wadda ta bar gurbin wata ba, kuma bai san kowa a garin da ya sani ba.

"A mayar da ita yadda take, Ustaz. Don Allah."

"Wa zai mayar? Kuma haka ta fi samun mai saye. Ma'alish, ka yi haƙuri, ya Hamad. Khalas, magana ta ƙare."

Aka kira Mu'tasim mai kibod, wato piyanon lantarki, ya lalubo muryar irin jitar a cikin na'urarsa. Hamad ya koma wajen butar shayi yana jiran ya ji an yi tsaki, wani ya ce ba ta kai tasa ba. Ya kasa kunne da dukan zuciyarsa. Kiɗan ya fito sumul, aka ce tamam, ya yi, tun a karon farko, sannan wani ya leƙo ya ce a rage sukari a nasa shayin.