Matan Zumunta da Waƙar Kachollom

Ranar Laraba Kachollom ta duba wayarta a cikin jirgin ƙasa na District line. Kwana biyar ke nan da fitowar waƙarta ta farko tun da ta bar ƙungiyar kiɗan rock ɗin da ta yi wa waƙa shekara shida, amma mutum ɗari biyu kacal suka saya. Kamfanin da ya fitar da waƙar ya faɗa mata ba kwana-kwana: in waƙar ba ta shiga arba'in ɗin farko a jerin waƙoƙin rock ba ranar Juma'a, zancen album ya mutu. A jikin firjin mamarta a Barking kuwa, takardar neman makarantar nas na nan manne tun bara, tana jiranta.

Abin ɗaure kai shi ne kowa ya ji waƙar. Kawunta Mordecai ya kira daga Jos yana rera mata amshin da muryarsa mai kama da injin niƙa. Har mai sayar da doya a Deptford ya iya ta.

Da ta isa gida ta tarar da Mama Dinatu tana yanka alayyahu, waƙar na tashi a waya.

"Mama, a ina kika samu?"

"Na yi recording daga wayar ƙanwarki Rhoda mana, na yi forwarding. Group goma sha ɗaya na tura wa, har na zumuntar mata na Bukuru. Kyauta! Kada a ce ɗiyata marowaciya ce."

Kachollom ta zube a kan buhun shinkafa, ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Ta yi mata bayani a hankali: wanda ya ji ta WhatsApp, a wurin masu tsara jerin waƙoƙin bai ji ba. Sai an saya ake ƙirgawa, kuma gobe Alhamis za a rufe.

Mama ta ajiye wuƙar. "Ashe ni ce na kwafsa miki."

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗaura zanen zumunta, ta tasa ɗiyarta gaba har cocinsu, wani tsohon sito a Old Kent Road, inda mata ke taron yamma. Nan ta miƙe ta tona wa kanta asiri.

"Ni ma ba gane waƙar nan nake ba, ihu ce da ƙarar ƙarfe. Amma ɗiyarmu ce. Kowa ta fito da waya."

Sai ta tokare ƙofa. Ba wadda ta fita sai ta saya ta nuna, sannan ta kira 'ya'yanta da abokan aikinta na gidan tsofaffi. Kafin wayewar gari magana ta kai cocin Manchester. Kachollom ta ji kunya kamar ta nutse, amma ba ta hana ba.

Ranar Juma'a da la'asar manajanta ya kira. Lamba talatin da bakwai, ranar Litinin za a shiga studiyo. Ta jingina da bangon kicin ta sauke numfashi, hawaye na zuba don tsabar samun sauƙi.

Mama ba ta yi guɗa ba. Ta cire takardar nas ɗin daga jikin firji, ta ninke ta huɗu, ta durƙusa ta cusa ƙarƙashin ƙafar teburin kicin mai girgiɗi. Ta jijjiga shi, ya tsaya daram.

"Zo ki ci abinci," in ji ta. "Wannan ihun naki yana cin jiki."