Makunni Ɗaya a Ɗakin Yara

Kun gani, kada ku ce ba ku gani ba. Kowannenku ya taɓa shiga ɗakin yara na gidan likitan unguwarmu, ya ɗaga kai ya yaba fankar da aka rataya bara, mai ƙwan fitila a ƙarƙashinta, ya ce garinmu Tawa ya ci gaba. Ba wanda ya dubi bango. Makunni ɗaya ne a wurin. In an danna, fanka da fitila su tashi tare. In an kashe, su mutu tare.

Ni na lura tun ranar haɗawa. Na taso daga lakwal inda nake koyarwa, na tarar da Malam Attahir mai gyaran wuta bisa tsani, da ƙusa a baki.

Na ce, "Malam Attahir, aikin nan makunni biyu yake so. Fitila da wayarta, fanka da tata."

Ya cire ƙusar ya dube ni. "Mushe Yunusu, a wane shafi ka karanto? Waya ta ƙare, sai mota ta zo daga Yamai. Fankar tana juyawa ko ba ta juyawa?"

"Tana juyawa."

"To, koma wa allonka."

Na koma, na rubuta takardar kuka da Faransanci mai kyau. Har uku na rubuta, ba amsa. Na ji daɗin kaina, wai na yi abin da ilimi ya ɗora mini.

Da bazara ta kama, ƙyanda ta shigo gari. Yayata Habsatu ta taho daga Afala bisa jaki, da ɗiyarta Safi mai shekara huɗu, jiki kamar garwashi, idanu jajur suna ruwa. Aka kwantar da ita tare da wasu yara biyar.

Kun san al'adarmu: mai ƙyanda ba ya ganin haske, kada ya makance. Mata suka toshe tagogi da zannuwa. Wata tsohuwa, kakar ɗaya daga cikin yaran, ta shimfiɗa tabarmarta ƙarƙashin makunnin, ta ce wanda zai kunna fitila sai ya taka ta. Ba ta yi ƙarya ba, haske yana sa yaran ihu. Amma da fitila ta mutu, fanka ta mutu. Rufin kwano ne, watan Afrilu, injin wuta yana ta ruri a tsakar gida a banza.

Sai rana ta uku na je da tsakar rana, wai jarrabawa ta riƙe ni. Ɗakin ya buge ni kamar bakin tanderu. Habsatu tana yi wa Safi fifita da faifai.

Safi ta ji muryata. Ta ce, "Kawu, zafi."

Na juya ga Madam Habi, ma'aikaciyar jinya. "Me ya hana a cire ƙwan?"

"Kayan gwamnati ne, Mushe. Tsani yana magaza, ɗakin ajiya, makulli yana hannun babban likita, shi kuwa ya tafi rigakafi Barmu."

Na jawo tebur, na ɗora benci, na hau. Na kwance gilashin, na murɗe ƙwan. Ko minti biyu ban yi ba. Na roƙi tsohuwar ta danna. Ta danna tana runtse ido. Fanka ta tashi a cikin duhu, zannuwan taga suka motsa.

Tsohuwar ta ce a hankali, "Ɗan nan, ashe ana raba su?"

Habsatu ta ajiye faifai. Ta dubi teburin, ta dube ni. Safi ta yi ajiyar zuciya, ta yi barci. Kafin la'asar, Safi ta cika.

Ban ce fanka za ta hana ajali ba. Amma kwana uku yarinyar nan ta yi tana gasuwa, ni kuwa kawunta, wanda ya san gyaran tun bara, ina gida ina zaɓen kalmomin takarda ta huɗu. Ƙwan yana aljihuna har yau. Na kasa mayarwa, kuma ɗakin yana buƙatar fitila, don Madam Habi da tocila take neman jijiya.

Jiya Malam Attahir ya zo mini ta'aziyya. Bai zauna ba. Ya ajiye naɗin waya da sabon makunni a bakin ƙofata, ya ce wayar daga ɗakinsa ya ciro ta. Amma babban likita ya ce ba za a fasa bango ba sai izini ya zo daga sama.

Yara biyar suna kwance a can. Ranar Asabar da hantsi ni da Malam Attahir za mu tsaya a ƙofar gidan likita da kayan aiki. Mu biyu za a kore mu. Mu hamsin ba za a kora ba. Ku rufe rumfunanku, ku ajiye fartanyunku, ku zo ku tsaya bayanmu har a buɗe magaza a ba mu tsani.